Shaidar wani ma'aikacin rediyo a kan yadda ake buɗe wa Kanawa layi su yi magana

Aikina haɗa shirye-shirye ne a gidan rediyo a nan birnin Kano. Ina cikin mutanen da ba a jin muryarsu, masu zama a bayan gilashi suna ɗaga wa mai gabatarwa hannu idan lokaci ya ƙure. A wannan aiki na yi furfura, kuma abin da zan bayar shaida ce a kan yadda rediyon hira da jama'a ya samo asali a garin nan, da yadda ake gudanar da shi, da wuraren da yake lalacewa. Ba zan kama sunan tashar da nake aiki ba, domin aibun da zan faɗa ya shafe mu duka.

Ta waya rediyo ya fara shigowa Kano. A tsakiyar shekarun 1940 Turawan mulkin mallaka suka kawo tsarin da ake jan waya daga ofis guda zuwa gidaje da wuraren taruwar jama'a, a maƙala akwati mai lasifika a bango, mai gida ya riƙa biyan kuɗin haya. Akwatin ba shi da wurin murɗa tasha. Abin da aka turo shi za ka ji, iyakarka ka ƙara murya ko ka rage. Daga nan Rediyon Kano ya tsiro, kuma sunan hedikwatarsa, Gidan Bello Dandago, tunawa ne da ɗaya daga cikin Hausawan farko da suka zauna gaban makirufo. Shi da Isa Kaita sun riƙa karanta labaran Yaƙin Duniya na Biyu da Hausa daga birnin Akra. A 1957 BBC ta buɗe sashen Hausa, a 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talbijin na Kaduna, ƙaramin rediyo mai batir kuma ya yi araha har ya shiga rumfar mai shayi da jakar makiyayi. A 1978 aka kafa hukumar gidajen rediyon tarayya, aka miƙa wa jihohi tashoshin da ke cikinsu.

Duk tsawon wannan zamani rediyo na hukuma ne, magana daga sama take saukowa. Hanyar da mai sauraro yake da ita ta shiga ciki ita ce wasiƙa ko katin Zaɓi Sonka, ya rubuta gaisuwa ga 'yan uwa da abokan arziki, ya kai gidan waya, ya zauna jiran ranar da za a karanta sunansa. Kada a raina wannan. 'Yan Zaɓi Sonka su ne suka fara koya wa mutanenmu cewa talaka ma sunansa yana iya fita a rediyo. Amma ƙorafi a kan famfon unguwa ko a kan shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ƙofar shiga.

Abu biyu ne suka buɗe ƙofar. Na farko doka mai lamba 38 ta shekarar 1992, a mulkin Janar Babangida, wadda ta kafa hukumar NBC mai kula da kafafen watsa shirye-shirye, ta kuma halatta wa 'yan kasuwa mallakar tasha. Raypower ce ta fara a Legas a 1994. Na biyu wayar salula, wadda ta shigo a 2001. A watan Disamba na 2003 Freedom Radio ta fara watsa shirye-shirye daga Sharaɗa a kan mita 99.5 zangon FM, yawancinsu da Hausa, kuma yawancinsu magana, ba kiɗa ba. Wanda bai ga wancan lokacin ba zai yi wuya ya gane yadda gari ya ɗauka. Shirye-shirye irin su Kowane Gauta da Inda Ranka suka zama abin da ake tattaunawa a majalisa da kasuwa washegari, mai riƙe da muƙami ya fara tsoron a ambace shi da dare. Rediyon Kano, mai AM a kan 729 da FM a kan 89.3, shi ma ya faɗaɗa filayen siyasa da na kiran waya. Daga baya Pyramid da Rahama da Dala da Arewa da Express da sauransu suka cika zangon FM, har ya zama da ka ɗan murɗa sai ka faɗa wata tasha.

Jadawalin tashar magana a Kano ba a ofis ake ƙirƙirarsa ba, rayuwar gari ce take tsara shi. Ana buɗewa da asuba da karatun Alƙur'ani da addu'a. Daga ƙarfe shida zuwa takwas labarai ne da sharhin jaridu, ana saka na tashoshin waje irin su DW da RFI a inda aka ƙulla yarjejeniya da su, domin a lokacin ne magidanci yake shirin fita, direban A Daidaita Sahu yana ɗibar 'yan makaranta. Da hantsi ake zama da baƙo a tattauna batu guda a buɗe layi, irin abin da shirin Barka da Hantsi na Freedom Radio ya saba yi. Daga nan zuwa azahar gidan na mata ne: lafiya, girki, tarbiyya, zamantakewar aure, kuma a wannan lokacin ne tela a shagonsa da ɗan kasuwar Kwari ko Singa suke barin rediyo a kunne. La'asar ta matasa ce da wasanni, musamman ranar da Kano Pillars take buga wasa a Ƙofar Mata. Bayan isha kuwa, daga wajen ƙarfe takwas zuwa goma da rabi, shi ne lokaci mafi tsada, nan ake zuba siyasa da ƙorafe-ƙorafen jama'a. Mai tsara jadawalin da ya saka muhimmiyar hira daidai kiran sallar magariba ya zubar da ita, domin babu mai ji. Lokutan salla kuma suna matsawa da canjin yanayi, saboda haka jadawalin yamma na watan Disamba ba zai yi aiki a watan Yuni ba.

Da azumi ana rushe komai a sake gini. Tafsiri yana cinye safiya da dare, ana ƙara shirin sahur, kuma injiniya ba ya matsawa daga kujerarsa gab da shan ruwa, saboda gidaje da yawa da kiran sallar rediyo suke buɗa baki. Idan agogon situdiyo ya yi gaba da minti biyu, alhakin azumin mutane ne a wuyanka. Shi ya sa ake daidaita agogon da na intanet kowace safiya a watan.

Yanzu ga yadda shirin kiran waya na awa guda yake tafiya idan ana son ya yi kyau. Mutum uku ne mafi ƙaranci: mai gabatarwa, mai riƙe da na'urar haɗa sauti, da mai tace kira. Awa ɗaya a rediyo ba minti 60 na magana ba ce. Cire taken shiri da gabatarwa minti uku, talla minti takwas zuwa goma, taƙaitattun labarai idan akwai, abin da zai rage bai fi minti 45 ba. A ba baƙo 20 na farko ya shimfiɗa batun, a bar wa masu kira 20, a ajiye biyar na amsa da sallama. Idan kowane mai kira ya ci minti ɗaya da rabi, mutum 12 ko 13 za a iya ɗauka, ba ƙari. Mai gabatarwar da bai yi wannan lissafin ba shi ne za ka ji yana cewa “lokaci ya yi mana halinsa” alhali baƙo bai amsa tambaya ko ɗaya ba.

Mai tace kira shi ne ginshiƙin shirin, kuma shi ne wanda tashoshi suke fara sallama idan kuɗi ya yi ƙaranci. Shi zai ɗaga waya kafin a saka mutum a iska. “Salamu alaikum, Baba, daga ina? Me za ka ce a taƙaice? To don Allah ka rage rediyonka, ka saurare mu ta waya.” A cikin daƙiƙa 20 ɗin nan zai gane wanda ya kira don ya yi tambaya, da wanda aka ba kati aka ce ya kira ya yi zagi, da wanda ya kira jiya da shekaranjiya. Kowace tasha tana da 'yan kullum, mutum goma zuwa ashirin da suka iya sake bugawa da sauri, kuma idan ba a tace ba su kaɗai za a riƙa ji, a ɗauka ra'ayin Kano ke nan. Gyaran wannan shi ne a ware layi guda na mata zalla, domin mace mai aiki a gida ba za ta tsaya tana buga waya sau talatin ba, a kuma riƙa fifita wanda ya kira daga Rano ko Gwarzo ko Bichi a kan wanda ya kira daga bayan katangar tashar.

Maganar rage rediyo ba tsiwa ba ce. Idan rediyon mai kira yana kunne kusa da wayarsa, muryar da ta fita daga tasha za ta koma ta wayar ta sake shiga tasha, ta yi ta zagayawa har ta zama ƙara mai huda kunne. Haka nan a cikin situdiyo, sautin da ake mayar wa mai kira dole ya ƙunshi muryar mai gabatarwa da ta baƙo amma ban da tasa. Idan mai haɗa sauti ya manta ya cire ta, mutum zai riƙa jin amsa-kuwwar kansa, ya rikice, ya yi ta “halo, halo”. Tashar da ba ta sayi na'urar haɗa waya da situdiyo ba, tana kara wayar hannu a bakin makirufo, nan take za ka gane ta daga sautin. Baƙo kuma a zaunar da shi bakinsa ya yi tazarar kamar santimita 15 daga makirufo, ya ɗan karkace kaɗan don kada hucin numfashi ya riƙa bugawa, a roƙe shi ya ajiye carbi da makullin mota, domin duk ƙwanƙwasar da ya yi a tebur tana fita.

Akwai na'urar jinkiri, wadda take riƙe magana na daƙiƙa bakwai zuwa goma kafin ta fita. Idan mai kira ya auna ashar, ko ya kama sunan wani ya ce ɓarawo ne, ko ya taɓa addinin wasu, akwai madanni guda da za a danna a zubar da waɗannan daƙiƙoƙi, mai sauraro ba zai ji komai ba. Ban san wani kayan aiki da ya fi wannan muhimmanci a garin da magana take tayar da tarzoma ba, amma sau da yawa ko dai ba a saya ba, ko an saya an kashe ta saboda masu gabatarwa sun ce tana rikita su. Tana rikitawa ne idan mutum yana sauraron abin da yake fita a iska a kunnensa. Sai a haɗa masa abin kunnen da sautin cikin ɗaki, shi ke nan.

Shirin ƙorafin jama'a, wanda shi ne ya fi jawo wa rediyo ƙauna a Kano, shi ne kuma ya fi wahala. Mutum zai zo bakin ƙofa da takardu a leda, ya ce an cinye masa fili, ko an kore shi daga aiki ba haƙƙi, ko an tsare ɗansa. Yawanci yana kuka, kuma yawanci yana da gaskiya, amma ba kullum ba, kuma ko mai gaskiya rabin labarin yake kawowa. Ƙa'ida ita ce a naɗi muryarsa, a ɗauki hoton takardunsa, a karɓi lambarsa da unguwarsa da sunan mai unguwarsa. Sannan wakili ya je wurin da ƙafarsa. Sannan a nemi wanda ake zargi, a gaya masa ainihin abin da aka ce, a ba shi lokaci ya amsa, a rubuta ranar da aka kira shi da sa'ar. Idan ya ƙi magana a faɗa a shirin cewa an neme shi ya ƙi. Idan maganar tana gaban kotu, a tsaya a kan abin da aka faɗa a zaman kotu kawai. Yaro ƙarami da macen da aka ci wa zarafi ba a kama sunansu, ba a faɗin layin gidansu, kuma a sauya muryar, domin a unguwannin cikin badala murya kaɗai ta isa a gane mutum. Inda ake faɗawa rami shi ne gaggawa: labari ya zo da la'asar, yana da daɗin ji, ana tsoron wata tasha ta riga, sai a sake shi da dare ba a ji ɗaya ɓangaren ba. Gyaran da za a yi washegari ba ya kai wa rabin waɗanda suka ji na farko, mutuncin da aka zubar kuma ya zube.

Cigiya ma tana da ƙa'idarta, ko da yake ana ganin ta ƙaramin abu. Idan an kawo sanarwar ɓatan yaro, a faɗi shekarunsa da kayan da ke jikinsa da inda aka gan shi na ƙarshe. Idan kuwa tsintar yaro aka yi, ba a faɗin duk kamanninsa. Ana ɓoye alama ɗaya ko biyu, tabo ko sunan mahaifiya, don wanda ya zo karɓa ya faɗe su da bakinsa, kuma a hannun mai unguwa ko 'yan sanda ake miƙa shi, ba a harabar tasha ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce tushen yawancin ɓarnar. Na'urar watsa shiri ta FM mai ƙarfin kilowat 10 tana jan wutar da ta kai kilowat 15 ko fiye, ga na'urorin sanyaya ɗaki da ba a kashe su, domin zafin watan Afrilu yana iya kashe na'urar cikin ɗan lokaci. Janareta mai kVA 100 yana shan lita 15 zuwa 20 na dizal a awa idan an ɗora masa kaya sosai. Tashar da take aiki awa 18, idan ta samu wutar lantarki ta awa shida, sauran 12 ɗin lita 180 ne mafi ƙaranci a rana guda, ba a zo maganar albashi da kuɗin lasisin da ake sabuntawa duk shekara biyar ba. Tallan kamfanoni manya daga Legas ake raba shi, kuma biyansa yana daɗewa. Waɗanda suke zuwa da kuɗi a hannu su ne masu sanarwar ɗaurin aure da rasuwa, da masu maganin gargajiya, da 'yan siyasa.

Nan sojojin baka, wato masu kare 'yan siyasa da baki a rediyo, suke shigowa. Da rana za su zo, kowa da ubangidan da yake karewa, a biya kuɗin minti ɗaya ko biyu, a naɗa, edita ya tace, a saka da dare. Ba na cikin masu cewa a hana su. Ta bakinsu talaka ya san abubuwa da yawa da aka so a ɓoye, kuma a cikinsu akwai masu hikimar magana da ba a samun irinsu a aji. Matsalar ita ce ɗan Kano ba ya bukatar kama suna kafin ya ci mutunci. Da habaici da laƙabi da kwatancen tafiya ko hula zai gama da mutum, duk gari ya gane wanda ake nufi. Editan da bai san siyasar unguwanni ba zai saurara ya ce babu zagi a ciki, ya sake shi. Editan da ya sani kuma, wanda ya biya kuɗin yana tsaye a kansa, manaja yana tuna masa cewa tankin dizal ya kusa ƙarewa. Abin da na ga yana aiki shi ne a raba mai karɓar kuɗi da mai tacewa, kada su zama mutum ɗaya ko ofis ɗaya, a rubuta a rasit cewa tasha tana da ikon yanke abin da ya saɓa ƙa'ida ba tare da mayar da kuɗi ba, kuma a sanar da mai sauraro a farkon fili da ƙarshensa cewa wannan lokaci saye aka yi. Haka mai maganin da zai ce garinsa guda yana warkar da ciwon suga da hawan jini da ƙoda: a nemi lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a hana shi cewa mutane su bar maganin asibiti, ko nawa zai biya. Akwai waɗanda suka ajiye allurarsu saboda abin da suka ji a rediyo.

Doka tana nan, ko da yake aiki da ita yana tafiya da iskar siyasa. Dole a daina tallan 'yan takara awa 24 kafin ranar zaɓe, kuma ba a sanar da sakamakon da hukumar zaɓe ba ta bayyana ba. A 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan biyar, a 2023 kuma wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce NBC ba ta da hurumin cin tara da kanta. Amma abin da ya fi tara nauyi Kano ta gan shi. Ranar 20 ga Janairun 2012, da aka kai hare-haren bama-bamai aka sa dokar hana fita, rediyo ne kaɗai abin da mutane suka jingina da shi a cikin gidajensu. A irin wannan rana rufe layin waya ake yi, domin mai kira zai faɗi abin da ya ji a bakin wani a matsayin abin da ya gani, mutane su ruga inda bai kamata ba. A watan Fabrairun 2013 kuma, bayan an harbe ma'aikatan rigakafin shan inna a cikin gari, an kama 'yan jarida aka gurfanar da su a kan wani shirin rediyo da aka yi kwanaki kaɗan kafin nan game da rigakafin. Kowane irin ra'ayi mutum yake da shi a kan wannan shari'a, tun daga lokacin babu mai shirya shiri a Kano da zai ce bai san nauyin abin da yake sakewa ba.

Su ma injiniyoyi suna da nasu yaƙin da yanayi. Da hunturu ƙura tana toshe matatar iskar na'ura, sai an wanke ta duk mako, in ba haka ba zafi ya taru ta kashe kanta. Da rani ƙasa tana bushewa, sandunan tagullar da aka binne don su shanye tsawa su daina aiki sosai, shi ya sa ake zuba musu gawayi da gishiri ana ba su ruwa kafin hadarin farko. Da damina ruwa yana shiga mahaɗar babbar wayar da take hawa ƙarfen eriya, wutar da aka tura sama ta riƙa dawowa, na'ura ta rage ƙarfinta da kanta don kada ta ƙone. Mutumin Fagge ba zai lura ba, amma na Wudil da Ɗambatta za su fara jin shuu, kuma kiransu ne yake fara sanar da mu. FM iyakarsa inda tsayin eriya ya hango, kilomita 60 zuwa 100. AM kuwa da dare yana tsallaka iyaka har cikin Nijar, shi ya sa duk tsadar wutarsa bai kamata a bar shi ya mutu ba.

Yanzu kusan kowane shiri ana haska shi kai tsaye a Facebook, saƙon murya na WhatsApp kuma ya fara maye gurbin kira. Saƙon murya ya fi sauƙin tacewa tunda ana saurarensa kafin a saka, amma yana zuwa da tsohon sauti da ake turowa a matsayin na yau, da wanda aka yanke aka haɗa. Kafin a saka sai a kira lambar da ta turo, a tabbatar mai muryar ne, a tambaye shi rana da wuri. Hoton Facebook kuma ba ya bi ta na'urar jinkiri sai an haɗa shi da gangan, don haka ashar ɗin da aka zubar a iska tana iya fita a can, wani ya yanke ta ya yaɗa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ajiya. Ƙa'idar NBC ta ce a adana abin da aka watsa na kwana 90, kuma tashoshi da yawa da wa'adin ya cika suke gogewa don a samu wuri. A zamanin faifan zare ma haka aka yi ta naɗar sabon shiri a kan tsoho saboda tsadar faifai, muryoyin malamai da sarakuna da mawaƙa da 'yan siyasar Jamhuriya ta Biyu suka tafi. Yau babu wannan uzurin. Awa guda ta magana, idan an matse ta daidai yadda kunne ba zai ji bambanci ba, ba ta wuce megabayit 30 ba, wato shekara guda ta tashar da take aiki awa 18 ba ta kai gigabayit 200 ba, ma'ajiya guda mai terabayit biyu za ta ɗauki shekara goma. A sayi biyu, a rubuta wa kowane fayil kwanan wata da sunan shiri da na baƙo, a ajiye ɗaya a tasha, ɗayar a wani gini dabam saboda gobara, a riƙa kwafe su zuwa sababbi duk bayan shekara huɗu ko biyar tun kafin su gaji.